Ciyawar teku a abincin jatan lande: za ta iya maye gurbin garin kifi kuwa?

Duk sanda farashin garin kifi ya tashi a kasuwar duniya sai maganar nan ta dawo, wai an gano ciyawar teku ce za ta raba masu kiwon jatan lande da tsadar abinci. Ka karanta wani labarin ka ji an ce an gwada ta, jatan landen ya yi ƙiba ya yi ja, cuta ma ba ta kayar da shi da wuri, gobe kuma ka ci karo da wani da ke cewa ina, da aka zuba ta a abincin girman ma baya ya ja. Mai karatu sai ya rasa na kamawa. Duka biyun fa ba ƙarya suke ba, magana ce dai ba ɗaya ba, don ya danganta da wace ciyawar aka sa, nawa aka sa, sannan wane aiki ake so ta yi a cikin abincin.

## Su wa ake magana a kai

Jatan landen da ake nufi a nan ba shi ne ƙanana busassun nan da ake aunawa a kasuwanninmu ana ce musu kirafish ba, waɗancan kamo su masunta ke yi a gaɓar teku irin su Akwa Ibom da Kuros Riba. Wannan na kiwo ne, a manyan kududdufai na ruwan gishiri, kuma wanda ya fi yawa shi ne farin nan mai suna vannamei, asalinsa gaɓar tekun Fasifik daga Meziko zuwa Peru amma yanzu Asiya ta fi kowa kiwonsa. A alƙaluman Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, na 2022 shi kaɗai ya haura tan miliyan 6. Manyan masu harkar su ne Chaina, Ikwador, Indiya, Biyetnam, Indonesiya da Tailan. Ikwador kaɗai abin da ta fitar waje a 2022 ya wuce tan miliyan 1.

Garin kifi kuma ƙananan kifaye ne ake dafawa a matse man a busar a niƙe. Furotin ɗinsa, wato sinadarin gina jiki, yana kai wa kashi 65 cikin 100, kuma jatan lande na narkar da shi da sauƙi, ga ƙamshin da ke jan shi zuwa ga abincin.

Ita kuwa ciyawar teku ba abu ɗaya ba ce, dubban iri ne, an kasa su gida uku bisa launi. Akwai mai ruwan ƙasa, irin su kelp da sargassum, furotin ɗinta bai cika wuce kashi 15 ba idan ta bushe, wani sa'in ma ko 5 bai kai ba. Akwai koriya, irin su ulva, tana tsakanin 10 zuwa 25. Sai ja, a nan ake samun masu furotin sosai, nori da Japanawa da Koriyawa ke ci tana iya haura kashi 40, amma a cikin jajayen ma akwai irin su cottonii da spinosum waɗanda nasu ɗan kaɗan ne, danƙonsu ake nema ba furotin ba. Kar kuma a haɗa su da spirulina, wadda matan Kanembu ke kwasa a tafkunan Kanem a Chadi suna busarwa suna kiranta dihe. Ita furotin ɗinta na kai wa kashi 60, amma ƙwayar halitta ce mitsitsiya ta ruwan kanwa, ba ciyawar teku ba ce, kuma sau da yawa idan aka ga labari na cika baki kan furotin to an cakuɗa su ne.

## Me ya kawo neman madadin

Abinci shi ke cinye rabin kuɗin da mai kiwon jatan lande ke kashewa ko ma fiye, kuma a cikin abincin furotin ne mafi tsada, ana buƙatar kashi 30 zuwa 40 a kowane buhu. Matsalar ita ce kiwon ruwa kullum ƙaruwa yake, a 2022 ne ma a karon farko abin da aka kiwata ya zarce abin da aka kamo, amma garin kifin duniya ya daɗe yana tsaye wajen tan miliyan 5 a shekara, teku ba ta ƙara bayarwa. Kilo ɗaya na garin yana cin ɗanyen kifi kilo 4 zuwa 5.

Sannan kaso mai tsoka na garin daga wuri ɗaya yake fitowa, ɗan kifin nan anchoveta na gaɓar Peru. Duk shekarar da yanayin El Nino ya ɗumama ruwan can sai kifin ya nutsa ko ya watse. A farkon shekarun 1970 kamun ya durƙushe gaba ɗaya, a 2023 kuma gwamnatin Peru ta soke zangon kamu na farko a yankin arewa da tsakiya, farashin gari da man kifi ya yi sama, a daidai shekarar da farashin jatan landen kansa ya faɗi saboda ya yi yawa a kasuwa. Mai kiwo a jihar Andhra Pradesh ta Indiya ko a Guayas ta Ikwador sai ya zama yana sayen abinci da tsada yana sayar da kaya da araha.

Masana'antun abinci ba su zauna ba. A shekarun 1990 garin kifi kan kusan kai kashi 30 na abincin jatan lande, yanzu an sauke shi ƙasa da 20, wasu ma ƙasa da 10, kuma waken suya ne ya cike mafi yawan gurbin. Shi ma da nasa, furotin ɗin dusarsa 44 zuwa 48 ne amma yana da ƙarancin wani amino asid da ake kira methionine, yana ɗauke da sinadaran da ke hana narkewa idan ba a sarrafa shi da kyau ba, ga kuma zargin sare daji a Burazil don nomansa, har Tarayyar Turai ta sa shi cikin dokarta ta 2023 kan kayan da aka noma a dajin da aka sare. To a nan ciyawar teku ta shigo zance. Ba ta buƙatar gona, ba ta shan ruwan daɗi, ba a sa mata taki a teku, kuma ana noma ta da yawa tun tuni, sama da tan miliyan 35 a shekara a ɗanyenta, mafi yawa a Chaina da Indonesiya, sai Koriya ta Kudu da Filifins.

## Lissafin buhu ɗaya

A nan ne maganar ke tsayawa, kuma lissafin ba mai wahala ba ne. A ɗauki abinci kilo 100 da ke da garin kifi kilo 15. Wannan garin yana ba da furotin kusan kilo 10. Idan za a cire shi a sa busasshiyar ulva mai furotin kashi 20, sai an zuba kusan kilo 50 kafin a samu kilo 10 ɗin, wato rabin buhun ya tafi kenan, alhali ana buƙatar wurin da za a sa waken suya da fulawa da mai da bitamin. Kuma kilo 50 busasshiya daga ɗanya kilo 250 zuwa 500 za ta fito, don kashi 80 zuwa 90 na ciyawar ruwa ne, sai an shanya ko an ƙona makamashi an busar.

Sauran abin da ke cikin kilo 50 ɗin fa? Kaso babba gishiri ne da ma'adinai, abin da masu bincike ke kira toka, yakan kai kashi 20 zuwa 40 na busasshiyar. Sai sinadarai masu yauƙi da danƙo, alginate a mai ruwan ƙasa, agar da carrageenan a ja, ulvan a koriya, waɗanda cikin jatan lande bai iya narkar da su sosai ba, kuma suna lulluɓe furotin ɗin su hana shi fita. Mai ruwan ƙasa ma tana da wasu sinadarai masu bauri da ke kama furotin su riƙe. Maiƙo kuwa kusan babu, alhali jatan lande sai an ba shi kolastarol a abinci don jikinsa ba ya haɗa shi da kansa, ga kuma man omega 3 da garin kifi ke zuwa da shi.

Akwai ma wani abu a yadda ake auna furotin ɗin. A ɗakin gwaji naitirojin ake aunawa a ninka da 6.25, hanyar ta yi daidai da nama da kifi, amma ciyawar teku na da naitirojin da ba na furotin ba, shi ya sa masu bincike da dama suka koma ninkawa da 5. Kenan ciyawar da aka rubuta mata kashi 25 a takarda tana iya zama 20 ce a zahiri. Sannan adadin na canzawa da lokaci da wuri, ciyawa iri ɗaya da aka girbe da sanyi ba ɗaya take da ta lokacin zafi ba, masana'anta kuwa abin da ta fi tsana kenan, kayan da yau kaza gobe kaza.

## Abin da gwaje-gwaje suka nuna

Binciken ba sabo ba ne. Tun a shekarun 1990 cibiyar SEAFDEC da ke Iloilo a Filifins ta gwada gracilaria da cottonii a abincin jatan lande mai zanen damisa, a Meziko jami'ar Nuevo Leon ta daɗe tana aiki kan kelp da ulva, a Amurka kuma jami'ar Auburn ta gwada garin ulva a madadin garin kifi ta ga sakamakon ya bambanta daga wannan kaso na ciyawar zuwa wancan, kuma yawanta na rage girma. Idan aka tattara gwaje-gwajen wuri ɗaya hoton da ke fita kusan iri ɗaya ne: daga kashi 2 zuwa 5 na abincin babu illa, wani lokacin har da riba, zuwa kashi 10 wasu ire-iren na wucewa lafiya, daga nan zuwa sama kuma girma na raguwa, abincin da ake ci kafin a samu kilo ɗaya na nama yana ƙaruwa. Kashi 5 na ciyawa mai furotin 20 kuwa furotin kilo 1 ne kacal a cikin kilo 35 da buhun kilo 100 ke buƙata.

To ribar da ake gani a ɗan ƙaramin adadin daga ina take? Ba daga furotin ba. Na farko danƙon nan da ya zama matsala idan ya yi yawa, kaɗan ɗinsa na riƙe ƙwayar abincin. Jatan lande ba ya haɗiye abinci kamar tarwaɗa, a ƙasan ruwa yake riƙe ƙwayar abincin yana gutsura a hankali, don haka dole ƙwayar ta jure awa biyu ko fiye ba ta narke ba, in ta narke asara ce kuma ta ɓata ruwan. Na biyu garkuwar jiki. Cuta ce babbar barazanar harkar nan, ciwon farin tabo da ya ɓulla a Asiya a farkon shekarun 1990 ya durƙusar da Ikwador a 1999, cutar mutuwar wuri ta EMS da ta fara a Chaina a 2009 kuma ta zabge kusan rabin abin da Tailan ke samarwa wajen 2013. Jatan lande ba shi da irin garkuwar da ake yi wa rigakafi kamar kaji, kuma ƙasashen da ke saye suna mayar da kaya idan suka ga ragowar maganin kashe ƙwayoyin cuta a jiki, shi ya sa duk abin da zai ɗan ƙarfafa shi yake da kasuwa. Sinadaran ciyawar irin su fucoidan da laminarin da ulvan sun nuna suna rage mace-mace a gwajin tanki idan aka sa wa jatan landen cuta da gangan, duk da cewa tanki daban kududdufin hekta goma daban. Na uku launi, wasu ciyayin na ƙara masa ja idan an dafa, mai saye kuma launi yake fara kallo.

Akwai wata hanyar da ba ta bi ta masana'anta ba sam, a shuka ciyawar a cikin kududdufin ko a wanda ke kusa da shi. Manoma a Indonesiya, musamman Sulawesi ta Kudu da Jawa, sun daɗe suna haɗa gracilaria da jatan lande da kifin bandeng a kududdufi ɗaya. Ciyawar na shanye naitirojin da ke fita daga kashi da ragowar abinci, ruwa ya gyaru, jatan landen na tsintar ƙananan halittun da ke manne a jikinta, manomin kuma ya sayar da ita ga masu yin agar. Ulvar da ta girma a irin wannan ruwan mai taki furotin ɗinta na iya haura kashi 30.

## Masu goyon baya da masu ja

Masu goyon baya, galibi masu bincike da sabbin kamfanoni da ƙungiyoyin muhalli, suna cewa kuskure ne a auna ciyawar da ɗanyen garinta, don waken suya ma sai da aka shafe shekaru ana koyon sarrafa shi kafin ya zauna a abincin kifi. A wurinsu mafita na cikin sarrafawa. Ko a tsima ta da ƙwayoyin bakteriya ko yis, kamar dai yadda ake tsima kalwa ta zama daddawa, danƙon ya farfashe furotin ya fito, ko a yi amfani da enzayim a tace furotin ɗin shi kaɗai a samu gari mai ƙarfi, ko kuma a karɓi tukar da masana'antun agar da carrageenan ke zubarwa bayan sun cire nasu, tunda an riga an biya kuɗin girbi da busarwa.

Masu ja, yawanci masu haɗa abinci a masana'anta, kuɗi suke dubawa. Kowane mataki na sarrafawa ƙarin kuɗi ne, kuma wanda za a yi gasa da shi dusar waken suya ce da ake lodinta a jirgin ruwa da araha. Ciyawar da ke da furotin sosai irin nori mutane ne ke cinta da tsada, babu mai ba jatan lande, mai arahar kuma ita ce marar furotin. Sannan layin masu neman gurbin garin kifi yana da tsawo: garin ragowar kaji, garin da ake yi daga kai da ƙaya da hanjin kifi a masana'antun gyara wanda yanzu ya kai kusan kashi ɗaya bisa uku na garin kifin duniya, tsutsar ƙudan soja da Tarayyar Turai ta halatta a abincin kifi tun 2017, da furotin ɗin bakteriya da ake kiwatawa da iskar gas. Duk waɗannan furotin ɗinsu ya ninka na ulva sau biyu ko uku.

Akwai kuma batun guba, wanda ɓangarorin biyu ba su musa ba. Ciyawar teku na tara abin da ke cikin ruwan da ta girma, asenik, kadmiyom, ayodin mai yawa a kelp. Tarayyar Turai ta ƙayyade asenik a garin ciyawar teku na abincin dabbobi kar ya wuce miligiram 40 a kilo, nau'in asenik ɗin da ya fi haɗari kuma ƙasa da miligiram 2. Wannan ne ya sa sargassum ɗin da ke tuɗaɗowa gaɓar Karibiyan da Afirka ta Yamma tun 2011, har da yammacin Gana da gaɓar Najeriya, ba a iya kwasarta kai tsaye a niƙa wa dabbobi duk da cewa kyauta take zuwa, don ita ce ma kan gaba wajen tara asenik, furotin ɗinta kuma kaɗan ne.

Idan aka cire tallan da ke cikin zancen, hujjojin da ke ƙasa yanzu sun fi karkata ga masu cewa ciyawar ƙari ce mai amfani a ɗan ƙaramin adadi, batun ta zama tushen furotin kuwa yana jiran a samu hanyar tacewa mai araha.

## Wa abin zai shafa

Mai kiwo ƙarami a yankin kogin Mekong na Biyetnam ko Andhra Pradesh ba zai ga buhun abinci ya sauko ba saboda ciyawar teku nan kusa, abin da ya fi yiwuwa shi ne ya ga sabon buhu da aka rubuta yana ƙara garkuwa, farashinsa ma ya ɗan ɗara na da. Ribarsa in akwai tana cikin raguwar mace-mace da gyaruwar ruwa.

Manoman ciyawar su ma ba lallai sabuwar kasuwar ta kai gare su ba. A Zanzibar an fara noman a 1989, dubban mutane ne ke yi kuma mafi yawansu mata, suna kiranta mwani, amma spinosum da cottonii suke shukawa don masana'antun carrageenan, kuma kukansu kullum ƙarancin farashi ne da ɗumamar ruwa da ke kashe cottonii. Masana'antar abincin jatan lande idan ta zo saye araha za ta nema fiye da masu carrageenan, kuma irin da take so daban ne.

Inda maganar ta fi taɓa Afirka ta Yamma shi ne ta wajen garin kifin kansa. Akwai gomman masana'antu a Nouadhibou ta Muritaniya, da wasu a Senegal da garuruwan Gunjur da Sanyang da Kartong a Gambiya, suna niƙa sardinella da bonga, wanda ake ce wa shawa a kasuwannin Najeriya, kifin da talaka ke iya saye. Ƙungiyoyin Greenpeace da Changing Markets sun ƙiyasta a 2021 cewa sama da tan rabin miliyan ake kwashewa duk shekara a yankin don gari da mai, abin da suka ce zai ciyar da mutum miliyan 33. Matan da ke banda kifi suna tura shi ƙasashen cikin tudu su ne suka fara ji a jika. Duk abin da ya rage buƙatar garin zai iya sassauta wannan, sai dai kashi 3 ko 5 na ciyawa a buhu ba zai yi hakan shi kaɗai ba, kuma garin da jatan lande ya bari masu kiwon kifin salmon da aladu na nan suna jira.

A Najeriya kiwon jatan lande bai yi nisa ba, tarwaɗa ce harkar, kuma mai kududdufi a Kano ko Kaduna shi ma abinci ne ke cinye masa kashi 60 zuwa 70 na jari. Lissafin buhun nan bai canza ba don an koma kan tarwaɗa, kuma ƙasar ba ta noman ciyawar teku a matakin kasuwa duk da gaɓar kilomita 853 da ma'aikatar tattalin arzikin teku da aka ƙirƙiro a 2023. Duk garin ciyawar da za a kawo wa mai kiwo a arewa shigo da shi za a yi da dala, alhali waken suya na Binuwai da Kaduna da tunkuzar gyaɗa furotin ɗinsu ya ninka nata. Idan an kawo masa tallan irin wannan kaya, abin da zai nema a jikin buhun shi ne sunan irin ciyawar, kashi nawa ne furotin da toka, sakamakon gwajin asenik, da kuma kashi nawa aka ce a zuba a abinci.